Yadda ake sauya tsawon jerin lambobi ba tare da an ɓata ma'anarsu ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aikin kammala karatu ne a kan wutar sola. Ina da na'ura biyu da ke auna ƙarfin batiri ɗaya. Ta farko duk minti ɗaya take aunawa, tana ba ni lambobi 1,440 a rana. Ta biyu duk daƙiƙa 90, tana ba ni 960. So nake su zo tsawo ɗaya in kwatanta su a Python. Na gwada `np.resize`, amma zanen da ya fito bai yi kama da komai ba. Ina na kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Sunan ne ya yaudare ka, kuma ba kai kaɗai ya taɓa yaudara ba. `np.resize` na NumPy (kunshin lissafi na Python da ake taƙaita sunansa `np`) ba ruwansa da ma'anar lambobinka, almakashi ne kawai. Da ka ce ya mayar da 1,440 zuwa 960, lambobi 960 na farko ya ɗauka ya watsar da sauran. Minti na 960 kuwa ƙarfe huɗu na yamma ne, in ka fara ƙirga daga sha biyun dare. Wato ka datse ranar na'ura ta farko da la'asar, sannan ka ɗora ta a kan cikakkiyar ranar na'ura ta biyu. In kuma ta ɗaya ɓangaren ka bi, ka ce 960 ya koma 1,440, to idan lambobin sun ƙare sai ya koma farko ya sake kwafo 480 ya liƙa a ƙarshe. Akwai kuma ɗan'uwansa `a.resize(...)`, wanda ake kira a jikin jerin kansa, shi da sifili yake cike gurbin da ya rage. Duka biyun ba su ne kayan wannan aiki ba.

Abin da kake nema shi ne ka sake auna layin a sababbin wurare. Ka ɗauka lambobinka turaku ne da aka kafa a bakin hanya, tazara ɗaya tsakanin kowanne, an ɗaura igiya daga kan wannan zuwa kan wancan. Kana son sanin tsayin igiyar a wuraren da ba a kafa turke ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ɗauka igiyar a miƙe take sak tsakanin kowane turke biyu, ka yi ƙiyasi. Ga yadda ake rubuta shi:

```python
import numpy as np

def sauya_tsawo(a, m):
    a = np.asarray(a, dtype=float)
    n = len(a)
    tsoho = np.arange(n)
    sabo = np.linspace(0, n - 1, m)
    return np.interp(sabo, tsoho, a)
```

Kafin ka yarda da shi, gwada shi da hannu a kan ƙaramin jeri: 10, 20, 40, 30. Idan ka ce ya koma lambobi 7, sababbin wuraren su ne 0, 0.5, 1, 1.5, 2, 2.5, 3, amsar kuma 10, 15, 20, 30, 40, 35, 30. Lafiya lau, duk tsofaffin suna nan, an dai sa ɗaya a tsakanin kowane biyu. Yanzu ce masa ya koma 6. Tazarar ta zama 0.6, wuraren su ne 0, 0.6, 1.2, 1.8, 2.4, 3, amsar kuwa 10, 16, 24, 36, 36, 30. Ina 40 ta shiga? Jerin ya ƙaru daga huɗu zuwa shida, amma lamba mafi girma ta ɓace, don babu sabon wurin da ya faɗa daidai kanta. Ka riƙe wannan: ƙiyasin miƙaƙƙen layi yana aske ƙololuwa, yana kuma cike rami. Idan abin da za ka rubuta a rahotonka shi ne mafi girman ƙarfin da batiri ya kai da rana tsaka, daga jerin asali za ka ciro shi, ba daga wanda aka sauya ba.

To amma ko wannan ɗan aikin da na rubuta maka bai dace da matsalarka ɗari bisa ɗari ba, kuma a nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. `np.linspace(0, n - 1, m)` yana tilasta lambar farko ta hau kan ta farko, ta ƙarshe ta hau kan ta ƙarshe. A wurinka na ƙarshen ba lokaci ɗaya aka auna su ba. Na'ura ta farko awonta na ƙarshe a minti na 1,439 ne. Ta biyu kuwa 959 sau 1.5, wato minti na 1,438.5. Idan ka ɗaure su wuri ɗaya, tazararka ta zama 1,439 a raba da 959, wanda ya ɗan haura 1.5 kaɗan, kuskuren kuma yana taruwa sannu a hankali har ya kai rabin minti a ƙarshen rana. Rabin minti a batiri ba zai hana ka cin jarrabawa ba. Amma irin wannan lissafi ne, a aikin sauti da bidiyo, ke sa baki ya motsa kafin magana ta fito. Tunda ka san ainihin lokacin kowane awo, ka daina tunanin tsawon jeri, ka koma tunanin agogo:

```python
t1 = np.arange(1440) * 60    # daƙiƙa
t2 = np.arange(960) * 90
a_sabo = np.interp(t2, t1, a)
```

A nan `a` shi ne jerin na'ura ta farko. Yanzu kowace lamba a `a_sabo` tana fuskantar takwararta a jeri na biyu a daidai daƙiƙa ɗaya. Abu biyu game da `np.interp` da ba zai gaya maka da kansa ba: dole lokutan da ka ba shi su riƙa hawa daga ƙarami zuwa babba, in ba haka ba zai ba ka amsar banza ba tare da ya yi ko tari ba, sannan in ka tambaye shi lokacin da ya wuce iyakar jerin, lambar bakin iyakar zai yi ta maimaita maka.

Wanne za a kai wurin wanne? Ra'ayina, mai yawan a rage shi ya sauko wurin mai kaɗan. Idan ka ja 960 ya zama 1,440, lambobin da suka ƙaru ba na'ura ce ta auna su ba, kai ka ƙago su. Duk lissafin da ka yi daga baya wanda ya dogara da yawan awo zai ɗauka kana da shaidu 1,440, alhali 960 ne da inuwarsu.

Sai dai ragewa tana da nata tarkon, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na zauna rubuta doguwar amsa maimakon in manna maka layi uku in wuce. Ragewa ba ƙari ba ne da aka juya baya. Ɗauki wannan jeri: 1, -1, 1, -1, 1, -1, haka har ƙarshe. Matsakaicinsa sifili ne, yana ta lilo sama da ƙasa. Ka ce za ka rage shi rabi, ka ɗauki ɗaya ka tsallake ɗaya da `a[::2]`. Me ka samu? 1, 1, 1, 1. Jerin da ke lilo ya zama miƙaƙƙen layi a kan 1. In da daga lamba ta biyu ka fara, da -1 zalla za ka samu. Lilon bai ɓace ba, rikiɗa ya yi ya zama wani abu da babu shi a asali. Ni ɓad-da-kama nake kiransa idan ina koyarwa. Ka taɓa ɗaukar fanka tana gudu da kyamarar waya, ka ga fukafukanta kamar sun tsaya ko suna komawa baya a hankali? Ko tayar mota a fim? Shi ne wannan. Kyamara tana ɗaukar hoto 24 ko 30 a daƙiƙa, fanka ta fi ta sauri, sai saurin ya shigo hoton da rigar sanyin tafiya.

Ƙa'idar tsohuwa ce. Harry Nyquist ya share mata fage a 1928 yana nazarin aika saƙon tangaraho, Vladimir Kotelnikov ya tabbatar da ita a Rasha a 1933, Claude Shannon kuma ya fito da ita a siffar da ake koyarwa yau a 1949. Abin da take cewa: duk abin da ke kai-komo, in kana son kama shi da gaskiya, sai ka auna shi fiye da sau biyu a kowane zagaye. Wanda ya fi haka sauri ba ya fita daga jerin, naɗewa yake ya dawo ciki a matsayin mai tafiyar hawainiya. Wutar da ke cikin wayoyin gidajenmu tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa. Ka auna ta sau 60 a daƙiƙa, za ka ga wani lilo na sau 10 a daƙiƙa wanda babu shi a ko'ina sai cikin kwamfutarka.

Mu dawo kan batirinka. Awon duk minti ɗaya yana iya kama abin da zagayensa ya haura minti 2. Awon duk minti ɗaya da rabi kuwa sai wanda ya haura minti 3. Ka ce akwai wani kaya a gidan, famfon ruwa ko makamancinsa, da ke kamawa yana saki duk minti 2.5, yana jan batirin ƙasa yana sakinsa. A jeri na farko za ka gan shi yadda yake. Ka sauko da shi zuwa 960 da ƙiyasin layi kawai, sai ya fito yana zagaye duk minti 3.75. Ka lura, na'urarka ta biyu ita ma wannan ƙaryar za ta yi maka idan ba ta tace komai a cikinta kafin ta rubuta lamba, kuma wannan ba abin da za ka iya gyarawa ba ne daga baya.

Maganin shi ne tankaɗe. Kafin ka rage, ka fara bi da jerin ta rariyar da ke tare duk motsin da ya fi ƙarfin sabuwar tazarar, ta bar mai sanyin tafiya ya wuce. Ba sai ka saƙa rariyar da kanka ba, SciPy, kunshin lissafin kimiyya na Python, ya riga ya yi. 960 a kan 1,440 daidai yake da 2 a kan 3, don haka:

```python
from scipy.signal import resample_poly
a_sabo = resample_poly(a, 2, 3, padtype="line")
```

Abin da yake yi a ciki: ya ninka yawan guraben sau 2, ya tace, sannan ya ɗauki ɗaya cikin kowane 3. Lambobi 960 cif za su fito, ta farko tana kan daƙiƙa sifili, tazara daƙiƙa 90. Kada ka manta da `padtype`. In ka bar shi yadda ya zo, yana ɗauka kafin farkon jerin da bayan ƙarshensa duk sifili ne, sai ka ga batirin da ke zaune a kan bolt 12 ya lotsa a bakin zanen hagu da dama kamar ya mutu da tsakar dare. Da `"line"` kuwa zai ɗauka jerin ya ci gaba a gefe biyu a kan miƙaƙƙen layin da ya haɗa lambar farko da ta ƙarshe.

Za ka ci karo da `scipy.signal.resample` a intanet, sunansa ya fi gajarta, mutane sun fi saurin kwafo shi. Yana aiki ne ta hanyar lissafin Fourier, kuma yana ɗauka jerinka zobe ne: lambar ƙarshe tana komawa ta haɗu da ta farko. Idan batirin ya fara ranar a cike ya ƙare ta a ƙasa, zoben bai haɗu ba, akwai tsalle a mahaɗar, tsallen kuma zai haifar da karkarwa a gefe biyu na zanen. Ga abin da yake maimaita kansa da gaske, ba shi da na biyu. Ga awon na'ura irin naka, ni ban cika taɓa shi ba.

Na koyi darasin tankaɗe ne da kunnena. Shekarun baya ina shirya muryoyin Hausa da aka naɗa a kan awo 48,000 a daƙiƙa, ana buƙatarsu a kan 16,000, wanda shi ne abin da yawancin manhajojin gane magana ke karɓa. Na ga 3 ta raba su daidai, na rubuta `a[::3]`, na ji daɗin kaina. Da na saurara, duk inda mai magana ya ce "s" ko "sh" ko "ts" sai wani ƙaiƙayi ya biyo baya kamar ana yayyafa yashi a kan kwano. Waɗannan baƙaƙen suna da ƙarfi a sama can, wurin sauti mai saurin kai-komo. Sabon awon ba ya ɗaukar abin da ya wuce kai-komo 8,000 a daƙiƙa, rabin 16,000, don haka sautin da ke kan 10,000 ya naɗo ya sauka a kan 6,000, tsakiyar inda kunne ke ji sosai. Kwana biyu na yi ina zargin makirufo. `resample_poly(a, 1, 3)` ya share matsalar. Idan kuma daga 44,100 na faifan CD ne za ka je 48,000 na bidiyo, rabon shi ne 160 a kan 147. Zuwa 16,000 kuwa 160 a kan 441. Ka bar `math.gcd` ya nemo maka, ba sai ka haddace ba.

Duk abin da na faɗa zuwa nan ya tsaya ne a kan sharaɗi ɗaya: kowace lamba hoton abu ce a wani lokaci tak, kamar ƙarfin batiri ko zafin ɗaki. Ba kowane jeri ne haka ba, kuma kwamfuta ba ta san bambancin ba, kai ne za ka sani.

Idan lambobin jimla ce ta abin da ya taru a cikin kowace tazara, misali wutar da aka sha a kowane minti, ko ruwan saman da ya sauka a kowace rana ta damina, ƙiyasin layi zai cinye maka dukiya. Ka rage 1,440 zuwa 960 da `np.interp`, ka tara su, za ka tarar kusan kashi ɗaya cikin uku na wutar ranar ya yi layar zana. Kamar ka juye hatsi daga buhu 15 zuwa buhu 10 ne: yawan buhu ya ragu, amma tiya nawa ce dole ta fito yadda ta shiga. Dabarar ita ce ka fara tarawa, ka yi ƙiyasin a kan tarin, sannan ka rarrabe:

```python
n, m = len(a), 960
tari = np.concatenate([[0], np.cumsum(a)])
iyaka = np.linspace(0, n, m + 1)
sabo = np.diff(np.interp(iyaka, np.arange(n + 1), tari))
```

Ka duba `sabo.sum()` da `a.sum()`, za su zo ɗaya, ban da ɗan ƙurar lissafi a can ƙarshen lambobi. Ka kuma lura a nan `n` da `m + 1` na yi amfani da su, ba `n - 1` ba, domin yanzu iyakokin ɗakuna muke ƙirgawa ba turaku ba. Ɗaki goma a jere bango goma sha ɗaya gare su.

Idan lambobin suna ne kawai, misali inbata tana rubuta 0 in a kashe take, 1 in tana kan batiri, 2 in tana kan wutar Nepa, to babu wani abu wai shi 1.5. Mafi muni ma, tsakanin 0 da 2 ƙiyasi zai ba ka 1, ya ce an hau batiri a lokacin da ba a hau ba. Nan makwabci mafi kusa ake ɗauka: `a[np.round(wurare).astype(int)]`, inda `wurare` su ne sababbin guraben. Kusurwa ma haka take da nata hali. Iska tana busowa daga digiri 350, ta koma digiri 10, duk arewa ne. Matsakaicinsu a lissafi 180, kudu sak. Sai ka warware zoben da `np.unwrap(a, period=360)` kafin ƙiyasi, ka naɗe shi da `% 360` bayan ka gama.

Wani zai ce maka layi miƙaƙƙe ƙauyanci ne, ka yi amfani da lanƙwasa mai santsi, `CubicSpline`. Zanen zai fi kyau a ido, ban musa ba. Amma lanƙwasar tana da ɗabi'ar zarce gona da iri a inda lambobi suka yi tsalle: cajin batiri ya hau ya tsaya a 100, ita ta kai shi 103 kafin ta dawo. In santsin kake so ba tare da wannan ba, `PchipInterpolator` ba ya haura lambobin da ke gefensa biyu. Tsohon `interp1d` da za ka gani a amsoshin da aka rubuta shekaru goma da suka wuce yana nan yana aiki, amma masu SciPy sun sa shi cikin kayan gado, ba sa son a gina sabon aiki a kansa.

Saura abu ɗaya, kuma a aikin sola irin naka ina zargin shi zai fi ba ka wahala fiye da duk na sama. Ka ce 1,440 da 960, lambobi masu kyau kamar a littafi. Na'urar gaske ba ta cika yin haka kullum ba. Wata rana za ka buɗe fayil ka ga 1,317, domin ta ɗauke na awa biyu da ɗoriya. Idan ka ja 1,317 ɗin nan ya cika 1,440, ka miƙar da ranar gaba ɗaya kamar roba: abin da ya faru kafin ɗaukewar zai matsa gaba, abin da ya faru bayanta zai dawo baya, giɓin kuma ya ɓuya ba wanda zai san an yi shi. Shi ya sa na nace a kan agogo. Idan na'urar tana rubuta lokaci a gefen kowane awo, da shi za ka yi aiki, ka ɗora awon a kan cikakken jadawalin mintuna 1,440, inda babu awo ka sa `np.nan`, alamar da ke nufin babu lamba. Ƙaramin giɓi na minti biyu ko uku ka cike shi da ƙiyasin layi. Babba ka bar shi a buɗe, ka cire wannan yankin daga kwatancen. Sai dai ka sani rariya ba ta jure `nan`: guda ɗaya tak zai bazu ya ɓata maƙwabtansa da dama a `resample_poly`, a `resample` kuwa ya ɓata jerin baki ɗaya. Don haka in akwai babban giɓi, ka raba ranar gida biyu, ka tace kowane ɓangare shi kaɗai.

Ga abin da zan yi in ni ne a kujerarka. In zana jerin 1,440 ɗin yadda yake tukuna, in zuƙo wani yanki na rabin awa in duba da ido. In layin yana tafiya a natse, hawa da sauka duk a hankali, `np.interp(t2, t1, a)` ya wadatar, ba sai an kira SciPy ba. In yana da haƙora, yana tsalle daga minti zuwa minti, `resample_poly(a, 2, 3, padtype="line")`. In kana shakka, yi duka biyun ka debe ɗaya daga ɗaya; in bambancin bai kai kuskuren da takardar na'urar ta ce tana yi ba, ɗauki mai sauƙin ka wuce. Sannan kafin ka ce na'urorin sun saɓa wa juna, ka tabbata agogonsu ɗaya ne. Nemi lokacin da aka kunna wani babban kaya, inda ƙarfin batirin ya faɗi farat ɗaya, ka ga ko faɗuwar ta zo a minti ɗaya a zanen biyu. In ta saɓa, ka gyara `t2` da wannan tazarar kafin komai, sannan ka turo mini zanen mu duba tare.